Waƙoƙi Shida: Kundin Aikin Auta

Asabar, 7 ga Satumba, 2024

Jiya na kwashi adashina, naira 300,000. Da niyyar ƙara kaya a shago nake zubin, caja da gilashin waya da batura. Da daddare sai ga Auta ya shigo ɗakina ya zauna a bakin katifa yana murza hula, na san da magana a bakinsa. Shekara uku ke nan yana rubuta gambara, wato rap, a bayan littattafan makaranta, yana ɗauka da waya a banɗaki, wai a can murya ta fi fita. Ya ce, "Yaya, ko waƙa shida ce ka taimaka min in yi a sutudiyo na gaske. In ba su karɓu ba na haƙura, in dawo shago." Na ce ya ba ni zuwa safe.

Na ware masa 200,000. Sharaɗi uku na gindaya: ba ashar, ba kama sunan kowa, ba fashin makaranta. Duk kwabon da ya fita zan rubuta shi a nan, don kada gobe mu yi musu. Umma ta sani. Abba bai sani ba tukuna.

Laraba, 11 ga Satumba

Na bar wa yaro shago muka zaga Zoo Road. Sutudiyo huɗu muka shiga. Ko'ina ka leƙa nanaye ake yi, fiyano na tashi, mace da namiji suna amsa wa juna. A guda biyu da muka ce gambara ce sai aka kalli wandon Auta kafin a kalli fuskarsa. Mun tsayar da ɗaya, ranar Asabar, 15,000 waƙa guda.

Asabar, 14 ga Satumba

Asara ta farko. Mutumin ya iya aikinsa, ba zan ci haƙƙinsa ba, amma aikin da ya iya daban, wanda muka kawo daban. Auta ya shiga ya zuba baiti goma sha shida a numfashi uku, ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi. Da aka kunna mana bayan la'asar, an bi muryar da na'urar nan mai lanƙwasa murya da suke kira ototiyun, an yi mata amsa-kuwwa kamar daga cikin rijiya. Kalmomin duk sun narke. Gambara kuwa in ba a ji kalma ba me ya rage? Na ce a cire, ya ce in an cire ba wanda zai saurara a Kano, haka kunnen mutane ya saba. Wataƙila ma gaskiyarsa. Na biya muka fito. A adaidaita Auta bai ce uffan ba har gida.

Litinin, 16 ga Satumba

Hutun Mauludi, ba a yi komai ba. Auta yana ta rubutu.

Alhamis, 26 ga Satumba

Wani mai gyaran waya a layinmu na Farm Centre ya haɗa mu da furodusa. Ba shi da allo a ƙofa. Ɗaki ɗaya ne a bayan gidansu, ya manna soson katifa da kwalin ƙwai a bango, laftof ɗaya da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio a ciki, makirufo an ɗaura masa safa a jikin zoben waya don ta tare iskar baki. Da na ga wurin sai gwiwata ta yi sanyi. Da ya kunna abin da ya taɓa yi sai na gyara zama.

Mun yi ciniki: waƙa huɗu zai haɗa kiɗa, ya ɗauka, ya tace, 20,000 kowace. Biyun da Auta ya riga ya zo da kiɗansu 12,000 kowace. Jimla 104,000, na ba da 60,000. Ya tambayi inda kiɗa biyun suka fito, Auta ya ce kyauta ne a YouTube. Ya ɗan yi shiru, ya ce to.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Ashe shirun nan magana ce. Auta ya ƙagu, ya ɗora waƙa ɗaya a YouTube ranar Talata ba tare da ya gaya min ba. Kafin gari ya waye saƙo ya shigo cewa kiɗan yana da mai shi. Ba a sauke bidiyon ba, amma duk abin da zai kawo na talla can zai tafi. Muka koma muka karanta ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin kiɗan, wanda da ma ba wanda ya karanta. Kyauta ne in ba kuɗi za ka nema da shi ba. In sana'a ce, ko dai ka karɓi haya, wanda mutum ɗari ma za su iya karɓa a kan kiɗa guda, ko ka saye shi ɗungurungum da dala. Katina na naira ba ya biyan dala a intanet, ko da yana biya ma ba zan kai kuɗin shago can ba.

Furodusa ya ce zai gina sabon kiɗa a kan gudun da Auta ya riga ya saba, don kada baitocin su rushe. Ƙarin 16,000, jimla ta koma 120,000. Na yi wa Auta faɗa sosai, har sai da na ga idonsa ya kaɗa na kyale shi. Daga yau lambar sirrin shafukansa tana hannuna.

Juma'a, 11 ga Oktoba

An sake ƙara kuɗin mai a wannan makon, lita ta haura 1,000. Furodusa ya ce daga yanzu duk ranar da babu wuta mu zo da man janareta a galan. Ban yi gardama ba. Waƙa uku an ɗauki murya.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Wannan ranar sai na rubuta ta da tsawo.

Tun farko ra'ayina shi ne a sa abin gida a waƙa ɗaya aƙalla. Furodusa yana da sautin kalangu a kwamfuta, amma ko ni da ba makaɗi ba na ji ya mutu, bugu ɗaya ne ake maimaitawa. Kalangu kuwa magana yake yi. Na je wajen mahauta a Abbatuwa, tunda kalangu kiɗansu ne tun kaka da kakanni, aka nuna min wani dattijo. Da ƙyar ya yarda. Ya ce shi bai taɓa kiɗa a cikin ɗaki ba sai a fili.

Mun ɗauko shi a adaidaita, kalangun a cikin tsohon buhun shinkafa. Ya zauna, ya ƙi sa abin kunne, ya ce yana toshe masa kai. Sai furodusa ya rage lasifika can ƙasa. Dattijon ya ce kafin ya taɓa fata a faɗa masa abin da waƙar ke cewa. Auta ya miƙe ya rera amshin. Akwai layi a ciki da ke cewa talaka ya kwana da kuka. Dattijon ya rataya kalangu a hammata, ya matse igiyoyin, ya bi layin da makaɗi gaɓa-gaɓa, da ya zo ƙarshe sai ya tsaya ya fashe da dariya.

Ya ce, "Yaro, kukan ido ko kukar miya?"

Auta ya ce, "Na ido mana, Baba."

Ya ce, "To ba shi ka faɗa ba. Ai wanda ya kwana da kuka ya gode Allah, ko ba komai da safe zai kaɗa miya."

Sai ya buga mana biyun. Kukan ido sama-sama yake tafiya, bai saki igiya ba. Kukar bishiya kuwa ta fara a sama ta faɗo, ya sassauta hammata. Kiɗan furodusa yana saukowa a ƙarshen kowane layi, Auta kuma ya bi kiɗan ya sauke murya, kalmar ta juye ba wanda ya lura. Mu uku mun ji waƙar nan ya fi sau hamsin.

Daga nan zaman ya koma makaranta. Auta ya ɗauko littafi, dattijo yana bin baitocin da kalangu, duk inda hannu ya ƙi tafiya sai ya ɗaga kai. Wuri bakwai muka samu a waƙa uku. A ɗaya an ja wasalin gari har birnin ya koma garin tuwo. Na daɗe ina jin wasu masu gambarar ina rasa abin da ke damun kunnena, ina cewa ko sauri ne ya yi yawa. Yau na gane: sun ɗauko tafiyar muryar Turanci sun ɗora wa Hausa, ita kuwa Hausa in ka taɓa karin kalma ka taɓa ma'ana. Mawaƙan baka na da ba su da wannan matsalar, don makaɗansu a gefe suke, tare kiɗa da magana ke tashi.

Na ba shi 10,000, adaidaita zuwa da komawa 2,000. Ya ƙirga, ya sa a aljihun gaba, ya ce wa Auta, "Kana da baki. Ka dinga jin kanka." Waƙa ukun nan duk sai an sake ɗauka. Furodusa bai nemi ƙari ba, ya ce shi ma yau ya ƙaru.

Asabar, 19 ga Oktoba

Wani ya same ni a shago da la'asar, hula a karkace, makullin mota a yatsa. Ya ji waƙar da Auta ya ɗora. Zaɓen ƙananan hukumomi saura mako guda, yana so a yi wa ubangidansa waƙa kafin Laraba, 150,000, rabi a take. Amma sai an sa zambo ga abokin hamayya, ya ma zo da abubuwan da za a faɗa a rubuce a waya.

Ba zan yi ƙarya ba, na lissafa kuɗin a raina har sau biyu. A garin nan waƙar siyasa ita ce ke saya wa mawaƙi mota, kowa ya sani. Sai dai yaron da bai fitar da ko waƙa ɗaya cikakkiya ba, in ya fara da wannan, sunan da zai bi shi ke nan, rabin gari kuma ya rufe masa kunne. Na ce ya yi haƙuri. Da na gaya wa Auta da dare ya ce, "Yaya, da ka karɓa mun yi bidiyo mai kyau." Ban amsa ba.

Laraba, 23 ga Oktoba

Babu wuta tun farkon mako, kuma ba unguwarmu kaɗai ba, jihohin Arewa da dama ne, an ce manyan layukan da ke kawo wutar ne suka samu matsala. Aiki ya tsaya.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Har yanzu duhu. Na sayi lita huɗu muka gwada da janareta. Ƙaramin janareta ne, kuma ɗakin bai da nisa da inda ake ajiye shi, gurnaninsa yana shiga makirufo duk da soson. Muka ja shi zaure da doguwar waya, maƙwabci ya fito ya ce hayaƙi na shiga ɗakin matarsa mai jego. Gaskiyarsa ne. Dabarar da muka yi a ƙarshe: a kunna janareta awa ɗaya laftof ya cika, a kashe, a ɗauki murya da batir cikin shiru, ba fanka. Batirin ba ya wuce minti arba'in. Auta ya fito sharkaf kamar an tsamo shi daga kududdufi. Baiti biyu kacal muka samu, amma su ne mafi tsabta a duk aikin, ba ƙugin firij, ba na fanka.

Abin dariya, a shago kuwa kasuwa ta buɗe. Na jera soket ina cajin waya, layi har bakin titi. Da kuɗin cajin nake sayen man sutudiyo.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Wuta ta dawo jiya, tana zuwa tana ɗaukewa. Mai zuwa yau 15,000.

Talata, 5 ga Nuwamba

Abba ya ji. Ba daga bakinmu ba, wanda shi ne abin da ya fi ɓata masa rai. Wani a majalisarsu ta bayan isha'i ya nuna masa Auta a waya. Ya kira mu falo, mu biyu a ƙasa, Umma a bakin ƙofa. Bai kalli Auta ba, ni ya kalla. Ya ce, "Kai ne babba. Da kuɗinka ake mayar min da ɗa maroƙi?"

Kalmar ta yi min nauyi. Na ce, "Abba, a gafarce mu, laifin ɓoyewar nawa ne. Amma ba roƙo yake ba, ba ya wasa kowa." Na ba shi labarin mai hular nan da 150,000. Ya yi shiru. Ya ce a kawo masa abin da yaron ke faɗa a rubuce, shi ba zai saurari kiɗa ba. Auta ya kwana yana kwafe baitocin waƙa shida da kyakkyawan rubutu a takarda.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Takardun sun dawo ta hannun Umma. An ja layi da jan biro a wuri biyu, ɗaya inda aka ce wa masu mulki ɓarayi a dunƙule, ɗaya wata magana a kan 'yan mata da ni ma da ma ban so ta ba. A gefen wani baiti kuma an gyara amsa-amo, an rubuta kalmar da ta fi dacewa. Abba ya yi koyarwa shekara da shekaru, rubutattun waƙoƙi yana da su a ka. Bai ce ya yarda ba. Bai kuma ce a daina ba. Auta ya ɗauki gyaran duka uku.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Wasa na farko a gaban jama'a, dinar bikin abokin wani abokina. An yi alkawarin 20,000. An ce ƙarfe takwas zai hau, bai hau ba sai goma saura, bayan an gama yanka kek mutane sun fara neman takalmansu. Mai kiɗan wurin ya sa filashinmu, kiɗan ya fito ta lasifika ɗaya, ɗayar tana shaƙe. Makirufo ya ɗauke sau biyu. A na biyun Auta bai tsaya ba, ya ci gaba da baki ziryan, samarin da ke baya suka kama tafi a kan gudun, har aka gama baitin. Iyaye mata dai kallonsa kawai suke, jira suke a mayar musu da nanaye su taka.

Liƙi 3,500, yawanci 'yan ɗari-ɗari. Wanda ya gayyace mu ya ba da 8,000 ya ce sauran sai Litinin. Na san wannan Litinin ɗin. Nan gaba rabi kafin mu fito daga gida, kuma biki ba wurinmu ba ne, sai dai taron ɗalibai.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

An gama tacewa. Na cika wa furodusa 60,000. Mun saurara a lasifikar sutudiyo, sannan a ƙaramar waya mai maɓalli, sannan a cikin adaidaitar wani da muka roƙa, don a nan ne mutanenmu za su ji. A adaidaita ƙasan kiɗan ya danne murya a waƙa ta huɗu, aka koma aka rage.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Mun ɗora shidan a manhajar jin waƙoƙi ta Audiomack, tunda ba a biyan komai, da YouTube da hoto kawai. Spotify da ire-irensa sai ta hannun kamfanin rarrabawa, mafi yawa da dala, mun ajiye wannan tukuna.

Inda na fi sa rai shi ne masu tura waƙoƙi a waya. Ina zaune a cikinsu kullum, na san yadda abin yake: mutum ya kawo memori ya ce a cika masa, abin da mai kwamfuta ya zuba shi zai ji wata guda, daga nan ya bi Xender zuwa ƙauye. Na bi rumfa goma da kaina, na ba kowa waƙoƙin da katin waya na 500, na roƙa a sa su a jakar sababbi. Kwabo ba zai dawo ta nan ba. Amma mai data ɗin da zai zauna yana jin waƙa a intanet, a cikin masu sauraronmu, bai kai mai memori yawa ba.

Lahadi, 1 ga Disamba

Bidiyon waƙar kalangu, a kan Dutsen Dala. Mai kyamara 35,000 har da haɗawa. Mun hau da sassafe don mu samu gari a buɗe a bayansa, sai hazo ya sauko, ko Goron Dutse ba a hangowa. Na so a ɗage, mai kyamara ya ce a yi haka, farin ya fi kyau. Dattijon bai iya hawa matakalar ba, muka ɗauki nasa a gindin dutse, yaran unguwa sun kewaye shi. Leɓen Auta ya tsage saboda sanyi, Umma ta cusa masa man kaɗanya a aljihu ya manta da shi.

Furodusa ya ba da shawara mu je hukumar tace fina-finai a yi wa Auta rajista kafin bidiyon ya fita. Zan je cikin mako.

Litinin, 9 ga Disamba

Lissafi zuwa yau: sutudiyon farko 15,000, furodusa 120,000, kalangu 12,000, mai 15,000, bidiyo 35,000, data 9,000, masu turawa 5,000. Jimla 211,000, na haura da 11,000. Abin da ya shigo 11,500, na dinar nan. Cikon 12,000 har yau ana Litinin.

Mako biyu a Audiomack, shidan gaba ɗaya an saurara sau 2,300, kusan rabi waƙar kalangu ce. YouTube mabiya 214. Kafin su fara raba kuɗin talla da mutum sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, don haka wannan ƙofar da saura.

Da azahar wani ɗan acaɓa daga wajen gari ya kawo waya a canja masa gilashi. Yana jira aka kira shi, sai na ji kalangun dattijo na tashi daga aljihunsa. Na tambaye shi wane ne mawaƙin, ya ce bai sani ba, a memori ya tsince ta. Sai a lokacin na tuna ba mu sa Auta ya faɗi sunansa a farkon ko waƙa ɗaya ba, fayil ɗin ma masu turawa sun sake masa suna.

Asabar, 14 ga Disamba

Mun koma wurin furodusa, Auta ya faɗi sunansa aka liƙa a farkon kowace waƙa, bai karɓi komai ba. Gobe zan sake bin rumfuna goman da sababbin fayil. Bidiyo zai fita bayan an gama maganar rajista, sannan mu kai shi Arewa24 mu gwada sa'a. Wasu ɗalibai sun nemi ya yi wasa a taronsu cikin Janairu, na ce 15,000, rabi a gaba. Jarrabawarsa za ta fara Litinin, na karɓe littafin baitocin na kulle a durowar shago sai ya gama.